Wa Ya Zare Rodin Makaranta?

Rufin barandar sabuwar makarantar ikilisiya da ke unguwar Jama'a ya rufto ne ranar Asabar da hantsi, kafintoci suna cikin cire sandunan tokara. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba, amma kankaren ya sami wani kafinta mai suna Bernard a ƙafa, aka kwashe shi zuwa asibiti. Da mutane suka leƙa cikin ɓaraguzan, sai ga rodi tsilli-tsilli kamar haƙoran tsohuwa. Ko wanda bai taɓa riƙe cebur ba ya san an yi ha'inci. Makarantar kuwa an riga an sa ranar buɗe ta, da zarar an gama bikin godiyar kaka, har iyaye sun ɗinka wa yara kayan makaranta.

Ni sunana Sati. Na tsufa ina bin sawun shanun sata, daga gonakin bayan Samaru har cikin dajin da mota ba ta shiga. Ba yabon kai ba, in saniya ta taka ƙasa zan gaya maka ko tana da ciki. Yanzu gwiwa ta ƙi, na koma kiwon kaji, amma idon nan yana nan daram.

Ina cikin ba kajin dusa Injiniya Keziya ta tsaya a ƙofar gidana da motarta. 'Yar abokina ce, Dattijo Othniel, tsohon kafintan reluwe, wanda shi ne shugaban kwamitin ginin makarantar. A gabana ta yi rarrafe. Ranar nan kuwa ko zama ba ta yi ba.

"Baba Sati, aiki na kawo maka," in ji ta. "Ni na zana ginin nan, ni na duba rodin kafin a zuba kankare. Da hannuna na ƙirga, bai gaza ba. Yau rabinsa babu. Hukumar da ke ba mu lasisi za ta turo mutane, in ba a gano wanda ya zare shi ba, za a ce ni na sa hannu a kan ƙarya. Su karɓe hatimina, shi ke nan, aikina ya mutu."

Na ce, "'Yata, ni shanu na sani. Rodi ba ya kashi a hanya."

"Amma ba ya tashi sama. Wani ne ya ɗauke shi, kuma a ƙasa ya taka. Ko wane ne, Baba, ka nemo mini shi."

"Ko wane ne?"

"Ko wane ne."

Na ɗauki sandata na shiga motar.

*

Mun tarar da wurin cike. Muna fitowa bakuna suka mutu, sannan suka farfaɗo ƙasa-ƙasa. Wata daga cikin matan zumunta ta ce da ma ita ta faɗa, yarinya da hular kwano ba ta isa ta riƙe ginin bene ba. Wani ya ce injiniya da foman bakinsu ɗaya, kura da ɗan kure ne kawai. Wani kuma ya rantse 'yan gwangwan ne, don ko murfin kwalbati ba su bari ba a unguwar. Kowa da ɓarawonsa a aljihu, ba wanda ya sunkuya ya dubi ƙasa. Abin da ke ba ni haushi da mutane ke nan.

Keziya ta bi ta tsakiyarsu kanta a sama, kamar ba da ita ake ba. Ta nuna mini yadda aikin yake. Ana shimfiɗa rodi ne a kan katako, wani a tsaye wani a kwance, duk inda biyu suka haɗu a ɗaure su da 'yar guntuwar waya. A barandar nan an bi layi, an zare ɗaya an bar ɗaya.

"Yaushe kika duba?" na tambaye ta.

"Ranar wata Alhamis. Aka yi za a zuba kankare Litinin, in na dawo daga wani aiki a Kaduna. Na dawo na tarar an yi gayya ranar Asabar, an zuba, an shafe. Suka ce ranar ce mutane ke gida, kuma ranar aka sami injin kwaɓa."

"Kika yi shiru?"

"Na yi faɗa. Daga baya na sa hannu. Na ce ai na riga na gani da idona."

Na bar ta na zagaya bayan ginin. Makonni sun wuce, ga ƙafar 'yan gayya ta tattake gaba kaf, amma ni na tuna wani abu. Ruwan ƙarshe na daminar bana ranar Alhamis ɗin nan ya sauka, don shi ya jiƙa mini dusa. Daga shi ba a ƙara ko yayyafi ba. Duk abin da ya taka laka ranar Juma'a, rana ta gasa shi ta ajiye mini.

Haka kuwa aka yi. A gindin bangon baya na ga sawun keke, irin tsohon keken nan mai siririyar taya. Ba hawansa aka yi ba, turawa aka yi, ga sawun takalmin roba a gefen hagu. In zai tafi tayar ta nutse, in zai dawo ta yi sama-sama. A bayansa ga jan layi inda bakin rodi ya yi ta kartar ƙasa. Ya je ya dawo, ya je ya dawo, ba gudu, ba waiwaye. Ɓarawo kan tsaya ya juya ya dubi baya, ƙafarsa ta nuna. Wannan ko sau ɗaya bai juya ba.

Na bi sawun ta 'yar hanyar baya har bakin babban lambatun da ya raba makarantar da gidajen unguwa. Can ya narke cikin ƙafafun jama'a. Akwai wata sabuwar 'yar gada ta kankare a kan lambatun, na haye ta, na duba ƙetaren hagu da dama. Ko alama. Na ce a raina ya hau kwalta ya nufi Sabon Gari.

Kafin in bar wurin na koma ƙarƙashin barandar na tsuguna, na yi ta tona ƙasa da yatsa ina neman abu ɗaya. Ban same shi ba, rashin samunsa kuma ya tsaya mini a rai.

*

Foman ɗin ginin sunansa Dele, haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi tawa santsi. Na same shi zaune a kan bulo ya dafe kai.

"Dele, ranar gayya kana nan?"

"Ina nan, Baba."

"Ka hau sama?"

"Na hau."

"Ba ka ga rodin ya ragu ba?"

Ya dubi ƙafarsa. "Mutane sun yi yawa, Baba. Mata da kwanon sarki, matasa da baro, ana waƙa, ana zubawa. Ban lura ba."

Mutumin da ya yi furfura a aikin gini ya ce bai lura da rabin rodi ba. Ƙarya ce tsirararta, na kuwa gane. Sai dai ba irin ƙaryar ɓarawo ba ce. Ɓarawo in yana ƙarya cikin idonka yake kallo, yana auna ko ta shiga. Dele kunya yake ji. Na duba takalminsa, babban but ne, kuma da babur yake yawo. Na ƙyale shi.

Washegari bayan sujada na shiga Sabon Gari wajen 'yan gwangwan. Na zagaya rumfunansu, na sha baƙar magana har na ƙoshi. Ɗaya ya ce, "Tsoho, in akuya ta ɓata mu, in miji ya ɓata mu." Na duba tarin ƙarfensu, duk tsohon rodi ne guntu-guntu da kankare a jiki. Sabo dogo babu. Kuma su da kurar turawa suke aiki, ba wanda zai tsaya jigila da keke kamar mai tallan rake. Nan na ɓata rabin yini a banza.

Saura Wisdom, mai ɗaurin rodi. Shi jama'a suka fi zargi bayan Keziya, don ranar Alhamis ɗin da aka duba aikin ya tattara kayansa ya koma wani gini a unguwar PZ. Can na same shi a sama, na ce ya sauko, gwiwata ba ta hawa tsani. Ya sauko yana huci.

"Oga, in kama ni ka zo yi, ka kama. Amma aikina ba a taɓa kushe shi ba. Madam ta bi layi-layi ta duba, har ta ce in ƙara ɗauri a kusurwa, na ƙara."

"Kwantar da hankalinka. Tambaya ɗaya ce. In an ce ka zare rodin da ka riga ka ɗaure, yaya za ka yi?"

Ya zaro filaya daga aljihun baya, ya sunkuya kan wani ɗauri, ƙas, ya yanke. Guntun wayar ya faɗi ƙasa. Ƙas, wani ya faɗi.

"Haka kowa ke yi?"

"To da yaya? Wa zai tsaya kwance waya? Abin da ake saye a nannaɗe da araha. Ko mahaukaci ba zai yi ba."

Na yi masa godiya, ya bi ni da kallo yana mamaki. Abin da na yi ta nema a ƙarƙashin baranda ke nan. Da yanka aka yi, da guntayen waya sun zube ta tsakanin katako kamar kashin awaki, wasu kuma su maƙale cikin kankaren. Na farfasa ɓaraguzai na duba, babu ko ɗaya. Wanda ya zare rodin nan zama ya yi ya warware kowane ɗauri da yatsunsa, ya kuma tafi da wayar. Ba ya sauri, ba ya tsoro, kuma ba ya iya ganin abu ya tafi a banza.

*

Da la'asar na biya Palladan in gai da Othniel, in kuma gaya masa inda na kwana, tunda shi ne shugaban kwamiti. Na same shi a 'yar gonar tumatir ɗinsa ta bayan gida. Ya rame a kwana biyu. Ya ce daga asibiti yake, wajen Bernard, tun jiya yake ta zarya can.

Muka zauna a inuwa. Othniel mutum ne da duk Palladan ta san halinsa. In ya ga lanƙwasasshiyar ƙusa a hanya sai ya tsaya ya ɗauka, ya kai gida ya miƙe ta da guduma, ya jefa a gwangwanin madara. Tun muna samari muke yi masa tsiya, muna cewa ranar tashin matattu da gwangwaninsa zai tashi.

"Na haye sabuwar gadar lambatu," na ce, don in sa shi magana. "Aiki ya yi kyau. Wa ya yi?"

Fuskarsa ta ɗan saki. "Ni na yi, da matasa biyu. Bara saura kaɗan ruwa ya tafi da wata yarinya a wurin, a idona. Na yi ta roƙon kwamiti, suka ce a gama aji tukuna. Aji, alhali ta nan yaran za su bi su shiga ajin."

"Yaushe ka zuba ta?"

"Satin da ya biyo bayan gayya."

Ashe ranar Juma'ar da mai keke ya yi jigilarsa babu gada a wurin. Mutum ba ya ƙetare wannan lambatu da keke ɗauke da rodi. Ni da kaina na taka kayan da nake nema, na haye, har ina yaba aikin.

Na ɗaga ido. Kowane tumatir an tokare shi da kara, an ɗaure da 'yar guntuwar waya. A jikin bango, kusa da gwangwanayen ƙusa, ga dami-dami na irinta rataye, an miƙe su an jera kai ɗaya, amma kowace da ɗan karkacen tsohon murɗi a tsakiya. Tsohon kekensa mai siririyar taya kuwa yana jingine a ƙofa.

Wallahi da na san nan sawun zai kawo ni, da na ce wa yarinyar nan idona ya mutu. Na ji baƙin ciki irin wanda ban ji ba tun rasuwar matata. Na miƙa hannu na zari dami ɗaya.

"Ka ba ni wannan, zan gyara kejin kaji."

Ya dubi wayar, ya dube ni. "Ɗauka," ya ce.

Ba mu yi sallama mai tsawo ba.

*

Dattawan ikilisiya suka kira taro ranar Talata da yamma, a ɗaya daga cikin azuzuwan ƙasa, gabanin zuwan mutanen hukuma. Keziya ta ce ba a nan ba, ba wanda zai zauna ƙarƙashin rufin da ba ta yarda da shi ba. Aka yi tsaki, aka kwashe bencuna zuwa gindin mangwaro. Dele ya zo, Wisdom ya zo da filayarsa a aljihu, Malama Sarah shugabar makaranta ta zo, Othniel ya zauna a kujerar shugaba.

Na so in ja Keziya gefe tun kafin a fara, amma Malama Sarah ta riga ni miƙewa.

"Ni ga shawarata," in ji ta. "Abin da ya faru ya faru. Mu ce ɓarayi ne suka shigo, ai ba ƙarya ba ce, wani ne ya ɗauka. Bernard mu ɗauki nauyinsa. Inda ya faɗo a gyara, sauran barandar a kafa mata ginshiƙai, a shafe, a yi fenti. Keziya ta rubuta cewa gini lafiya lau. Sunanta ya tsira, sunan ikilisiya ya tsira, yara su shiga aji. Iyaye sun gaji da jira."

Kawuna suka yi ta gyaɗawa. Ni kaina na ce a raina, yarinya, ga ƙofa an buɗe miki, ke da ubanki duka, ba ki ma sani ba.

"Malama, na gode," in ji Keziya. "Amma ba zan rubuta ba. Ban san inda aka zare aka tsaya ba. In na ce lafiya lau, yara za su yi layi a barandar nan kowace safiya saboda ni na faɗa. Hatimin nan ba nawa ba ne ni kaɗai, na duk wanda zai tsaya a ƙarƙashi ne." Ta juyo. "Baba Sati, me ƙasa ta gaya maka?"

Na miƙe a kan sandata. Na ce ba 'yan gwangwan ba ne, ba Wisdom ba ne. Na ce mutum ɗaya ne, da rana tsaka ya yi aikinsa, ranar Juma'a da ma'aikata ba su zo ba, kuma duk wanda ya hange shi a kan ginin bai ga komai ba, don kullum a kan ginin ake ganinsa. Na ce rodin bai je kasuwa ba, bai ma bar unguwar ba. Sannan na tsaya.

"Sunansa," in ji wani dattijo.

"Ni ba na kiran suna. Wadda ta sa ni aiki ita zan ba abin da na tsinto." Na matsa kusa da ita na rage murya. "Kin ce ko wane ne. Har yanzu kina kan bakanki? In kin ce in mayar aljihu, zan mayar, ba wanda zai ji daga bakina."

"Ba ni, Baba."

Na zaro damin wayar na sa a tafin hannunta.

Ba ta tambaye ni daga ina ba. Yarinyar da ta tashi tana riƙe wa ubanta ƙusa yana miƙewa ba ta bukatar bayani. Ta juya damin, ta shafa ɗaurin da aka yi masa a tsakiya. Ba wanda ya gane komai sai mu uku, ni da ita da ubanta, da Dele na huɗu, wanda ya sunkuyar da kai har ƙasa.

Ta ɗago, ba ta dubi kowa ba sai Malama Sarah. "Barandar nan duka za a rushe ta. Sauran rufin kuma sai an kawo na'ura an auna kafin yaro ya shiga. Zan rubuta wa hukuma cewa an zare rodi bayan na duba. Zan kuma rubuta cewa na sa hannu a kan kankaren da ba a zuba a gabana ba. Wannan laifina ne, in sun hukunta ni a kansa sun yi daidai."

"Wanda ya zare fa?" in ji Malama Sarah. "In sun tambaye ki?"

Keziya ta juyo ta dube ta. "In sun tambaye ni zan faɗa."

Kujerar shugaba ta yi ƙara. Othniel ya miƙe, ya cire hularsa.

"Ba sai sun tambaye ta ba. Ni ne."

Wata mata ta ce, "Yesu," a hankali.

"Ni na zare, ni na sa aka matso da ranar gayya don kada ta dawo ta gani. Na ce wa Dele injiniya ce ta ce a rage, ya yarda don ni na faɗa. Rodin yana cikin gadar lambatu." Ya juya wajen 'yarsa. "Na hau na duba aikinki, na ga ƙarfe kamar za a ajiye jirgin ƙasa a kai. Na ce yaran zamani tsoro ya yi musu yawa, mu da muka yi gini da rabin wannan, yana nan tsaye har yau. Na ce in na ɗebi kaɗan rufi ba zai sani ba, yara kuma su sami gada. Ban sa ko ƙwaya a aljihuna ba."

"Na sani, Baba," in ji ta.

"Garin neman gira na rasa ido. Na karya ƙafar ɗan mutane, na zubar miki da suna, na zauna ina ji ana zaginki na kasa buɗe baki. Wannan ya fi komai ci mini rai."

"Da ka tambaye ni."

"Da kin hana."

"Da na hana. Da kuma na zana maka gadar, mu nemo rodinta ko da roƙo ne." Ta matso kusa da shi. "Kai ka biya mini karatun nan, Baba. Kai ka ce in na auna abu kada in bar kowa ya canza mini, ko wane ne."

Ya gyaɗa kai. "Ki rubuta sunana daidai. Othniel, da 'h' a tsakiya."

Wani dattijo ya soma cewa ai a duba manufa, tsohon nan alheri ya nufa, a rufa asiri. Othniel ya ɗaga masa hannu. Ya ce Bernard ba manufa ce ta faɗo masa a ƙafa ba. Ya ajiye makullin sito a kan benci, ya ce a nemi wani shugaban. Wisdom da ya zo da shirin faɗa ya tashi ya kawo wa tsohon ruwa.

*

Mutanen hukuma sun zo sun tafi. Sun ja wa Keziya kunne a rubuce saboda sa hannun da ta yi, ta karɓa ba gardama, hatiminta kuma yana hannunta. Na'ura ta nuna sauran rufin lafiya yake. Maganar Bernard ta je gaban 'yan sanda, Othniel ya kai kansa da ƙafarsa, aka zauna da iyalin aka daidaita, jinya da abincin gidan suka dawo wuyansa har Bernard ya koma aiki. An ɗage buɗe makaranta zuwa sabon zango. Wasu iyayen har yau ba sa gai da ita, wai taurin kai gare ta. Su suka sani.

Ranar da za a rushe barandar na je kallo. Na tarar Othniel ya riga kowa, da babbar gudumarsa ta zamanin reluwe. Keziya ta hango shi, ta tako, ta cire hular kwanonta ta kifa masa a kai, ta ɗaure masa igiyar a haɓa kamar yadda ake yi wa yaro. Ita ta nuna masa inda zai fara. Shi ya kai dukan farko.

Da aka huta sai ya matso kusa da ita yana share gumi.

"Gadar fa? In ita ma rushewa ce, ki faɗa. Ni zan fasa da hannuna."

"Na je na duba ta jiya, Baba. Na auna ta ciki da waje."

"To?"

"Za ta kai jikokin yaran nan." Gefen bakinta ya motsa. "Sai dai rodi ya yi mata yawa. Kamar za a ajiye jirgin ƙasa a kai."

Tsohon ya tsaya yana kallonta. Sannan ya yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu dabam, ya ja hular kwanon ya rufe fuskarsa. Ta dafa kafaɗarsa ta bar hannun a wurin. Ni kuwa na juya na kama duban ƙasa, ko da yake babu sauran abin da nake nema.